Mudu biyu a ciniki ɗaya: yadda haɗa layin waya da asusun banki ya haifar da bashin biliyoyin naira a Najeriya

A watan Fabrairun 2023, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo saboda canjin kuɗi, na raka kawuna kasuwar Dawanau zai sayar da gero. An yi ciniki, an sallama, sai maganar biya. Mai sayen ba shi da tsaba, kamar kowa a kwanakin nan. Ya zaro ƙaramar waya mai tocila wadda aka ɗaure murfinta da roba, ya danna lambar bankinsa. Jerin zaɓi ya fito, ya zaɓi tura kuɗi, Kawu ya ciro wata 'yar takarda daga cikin hularsa yana karanto masa lambar asusu, lamba goma, ɗaya bayan ɗaya. Suna kan ta takwas layi ya yanke. Ya sake daga farko. A karo na biyu ya kai har wurin sa lambar sirri, sai waya ta ce an samu matsala. Na uku ko jerin zaɓin bai gama fitowa ba. Sai a na huɗu sunan Kawu ya bayyana a fuskar wayar.

"Alhaji, ya tafi," in ji mai sayen.

"To Malam, bari dai mu ga alat," in ji Kawu, hannunsa na kan bakin buhu.

Alat ya shigo, aka ɗora kaya a baro. A wurin mutanen nan biyu magana ta ƙare. Amma a wasu ofisoshi a Legas abin da ya faru ya shiga littafi biyu, kuma littattafan ba su faɗi abu ɗaya ba. Littafin kamfanin waya ya rubuta cewa an hau layinsa sau huɗu. Littafin banki ya rubuta cewa an tura kuɗi sau ɗaya. Wannan tazara tsakanin huɗu da ɗaya, idan aka ninka ta da miliyoyin mutane kullum har shekara biyar, ita ce ta zama bashin da kamfanonin waya suka ce suna bin bankuna, wanda jaridu suka kai kusan naira biliyan 250 a ƙarshen 2024.

Abin da ke faruwa bayan an danna lamba

Hanyar da mai sayen geron ya bi sunanta USSD. Ba bankuna suka ƙirƙiro ta ba. Tana cikin tsarin GSM tun asali, ita ce muke duba sauran kati da ita tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Ba ta bin intanet, ba ta kuma bin hanyar saƙon tes da ake ajiyewa a tura daga baya. Tana bin siririyar hanyar da waya da na'urorin kamfani suke gaisawa da juna, kuma tun daga danna lamba har a gama layin a buɗe yake, kamar kira. Injiniyoyi na ce wa wannan buɗewar "seshon", wato zama guda. Saƙo ɗaya ba ya wuce harafi 182, shi ya sa jerin zaɓin yake a taƙaice, kuma idan mutum ya yi jinkirin amsawa zaman ya mutu.

Dabarar bankuna ita ce su ɗauki wannan tsohuwar hanya su jona ta da manhajar da ke riƙe da asusun jama'a. Banki zai nemi gajeriyar lamba daga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC: *737# na GTBank, *894# na First Bank, *901# na Access, *919# na UBA, *966# na Zenith, *773# na Jaiz. Idan ka danna, kamfanin wayarka zai karɓi buƙatar ya miƙa ta, sau da yawa ta hannun wani kamfanin tsakiya mai aikin dillanci, zuwa kwamfutar banki. Ita za ta duba ko lambar wayar nan tana haɗe da wani asusu, ta maido maka da tambaya, ka amsa, ta sake tambaya. Idan kuɗin wani banki za shi, sai ta ratsa ta NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankuna, a tabbatar da sunan mai karɓa, sannan a tura. Ke nan ciniki ɗaya yana bi ta hannu huɗu ko biyar, kuma kowane hannu zai iya saki. Duk lokacin da ake wannan kai-komo, agogon kamfanin waya yana tafiya.

Ba na son a ɗauka ina raina wannan aiki. A ganina yana cikin abubuwa mafi amfani da aka yi wa talakan ƙasar nan a harkar kuɗi. Binciken da EFInA, ƙungiyar da ke nazarin yadda jama'a ke samun hidimar kuɗi, ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na manya a Najeriya ba sa cikin kowane irin tsarin hada-hadar kuɗi, kuma abin ya fi muni a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas. Wanda ke ƙauyen da banki mafi kusa sai an hau mota, ba shi da babbar waya, ba shi da kuɗin data, wannan gajeriyar lamba ita ce reshen bankinsa. Babban Bankin Najeriya ma ya san haka, shi ya sa a 2018 ya fitar da ƙa'idojin amfani da ita, ya sa iyakar naira 100,000 a rana ga kowane mutum, ya ce abin da ya haura naira 20,000 sai da ƙarin shaida bayan lambar sirri. An yi tunanin ɓarawo. Abin da ba a zauna an warware ba shi ne wa zai biya kuɗin layin, kuma da wane mudu za a auna.

Yadda rigimar ta taso

A watan Oktoban 2019 MTN ya tura wa masu layinsa saƙo cewa daga ranar 21 ga watan zai riƙa cire naira 4 a kan kowace daƙiƙa 20 da aka yi a kan lambobin bankuna. Ƙasa ta ɗauka. Kamfanin ya nuna cewa bankuna ne suka nemi a koma cajin mai waya kai tsaye, shugabannin bankuna suka fito suka ce ba su sa shi ba. Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ba da umarnin a dakatar, gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ma ya nuna bai yarda ba. An dakatar da cajin, jama'a suka ji daɗi. Sai dai layin bai daina aiki ba, kamfanonin waya ba su daina rubutawa ba, kuma babu wanda ya amsa cewa shi ne zai biya.

A watan Agustan 2020 NCC, ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Danbatta, ta yanke cewa wannan hidima ce da kamfanin waya ke sayar wa banki, ba mai waya ba, don haka banki ne zai biya, a kan naira 1.63 kowane zama na daƙiƙa 20. A lokacin hukumar ta ce bashin ya haura naira biliyan 17.

A nan ya kamata mutum ya tsaya ya yi lissafi, don a nan ne za a gane dalilin da ya sa kowane ɓangare yake ganin shi ke da gaskiya. Daga Janairun 2020 Babban Banki ya ƙayyade abin da banki zai caja a taransfa: naira 10 idan kuɗin bai wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 a abin da ya haura. Wannan kuɗi ba ya shiga hannun banki sai taransfar ta tafi. To mu ɗauki mai sayen geron nan. A ce kowane gwaji ya ci masa minti ɗaya. Gwaji huɗu minti huɗu ke nan, wato zama 12 na daƙiƙa 20, kusan naira 20 a farashin NCC. Da naira dubu uku yake turawa, da bankin ya karɓi naira 10 ya biya 20. Wanda kuma ya shiga don duba sauran kuɗinsa kawai, ko ya shiga ya fasa, ya ci layi bai kawo kuɗin taransfa ba. Saboda haka banki yake cewa: ta yaya zan biya zaman da ya mutu, alhali wataƙila sabis ɗinku ne ya yanke? Kamfanin waya kuma yake cewa: eriyata ta yi aiki, na ƙona dizal, na riƙe maka layi a buɗe, idan kwamfutarka ce ta yi nauyi ba ta amsa ba, laifina ne?

Kuma babu mai iya raba gardamar, domin babu littafi ɗaya da duka biyun suka yarda da shi. Mudun kamfanin waya lokaci ne, mudun banki ciniki ne. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar hatsi ya san idan mai saye ya zo da kwanonsa, mai sayarwa ya kafe a kan nasa, ba a gama wannan ciniki da fatar baki.

Zuwa Maris na 2021 ƙungiyar kamfanonin sadarwa, ALTON, wadda Gbenga Adebayo ke shugabanta, ta ce bashin ya kai naira biliyan 42, ta kuma sa ranar 15 ga wata za ta fara yanke bankuna. Minista ya sake shiga tsakani. Ranar 16 ga Maris Babban Banki da NCC suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa: daga yanzu naira 6.98 ce a kan kowace mu'amala, banki zai cire daga asusun mai hulɗa a madadin kamfanin waya, ya miƙa masa. Wato abin da aka hana a 2019 ya dawo ta wata ƙofa. Mai asusu ne zai biya, banki ya zama mai karɓar kuɗi kawai.

Makonni kaɗan bayan haka, a farkon Afrilu, aka ga yadda igiyar take ɗaure ta ɓangare biyu. MTN ya rage kamashon da yake ba bankuna a kan sayar da kati, yawancin bankuna suka toshe sayen katinsa ta hanyoyinsu, mutane suka wayi gari ba sa iya loda waya daga asusunsu har sai da hukumomi suka sa baki. Rigima ce daban, amma ta nuna kowa yana riƙe da maƙogwaron ɗan'uwansa.

An yi zaton naira 6.98 za ta kashe wutar. Ba ta kashe ba. Kamfanonin waya suka ce ana cire kuɗin daga asusun mutane amma ba ya iso musu yadda ya kamata. Bankuna suka ci gaba da jayayya a kan adadin da ake kawo musu da kuma zaman da bai haifar da komai ba, wasu manyansu ma suka fito fili suka ce in kamfanin waya na son kuɗinsa ya karɓa da kansa daga hannun masu layinsa. A wannan gaɓar ni ina ganin hujjar bankuna ta yi rauni. Gardama a kan zaman da ya mutu gardama ce mai tushe. Amma duk nairar da aka riga aka cire daga asusun mutum da sunan kuɗin layi, amana ce, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai a Fabrairun 2022 aka kafa abin da ya kamata a ce da shi aka fara: API, wato ƙofar da na'urar banki da ta kamfanin waya za su riƙa musayar bayanin mu'amala kai tsaye, ba sai an jira takardar neman biya a ƙarshen wata a hau musu a kanta ba. Muhimmancin wannan rana ya fito daga baya, domin da aka zo sasantawa da ita aka raba bashin gida biyu, na kafin API da na bayansa.

Kafin nan bashin ya ci gaba da kumbura. Ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023 ya tura jama'a kan waya ko suna so ko ba sa so, hanyoyin bankuna suka cika suka riƙa saki. A watan Mayun shekarar ALTON ta ce ana bin bankuna sama da naira biliyan 120, kuma NCC ta amince a yanke waɗanda suka ƙi biya. Barazanar ta zo ta wuce kamar na baya, domin kowa ya san wanda zai fara jin zafin yankewar ba manajan banki ba ne.

Sasantawar 2024 da abin da ya biyo baya

Sabbin shugabanni sun zo a ƙarshen 2023, Olayemi Cardoso a Babban Banki, Aminu Maida a NCC. Ranar 20 ga Disamban 2024 hukumomin biyu suka fitar da takarda ɗaya mai ƙunshe da hukunci. Bashin kafin API, bankuna su biya kashi 60 cikin ɗari a rufe maganar, ko a dunƙule ko kashi-kashi, kada ya wuce 2 ga Yulin 2025. Bashin bayan API, su biya kashi 85 kafin shekara ta fita. A janye ƙararrakin da ke kotu. Sannan aka sa wata ƙa'ida: zaman da bai kai daƙiƙa 10 ba, ba a cajinsa.

A duba waɗannan alƙaluma biyu, 60 da 85. Hidima ɗaya ce, kamfanoni ɗaya ne, layi ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne a zamani na biyu akwai shaidar da ɓangarorin biyu za su iya dubawa, a na farko babu. Rashin wannan shaida ya sa kamfanonin waya suka haƙura da kashi 40 na abin da suka ce suna bi, cikin nairar da darajarta ta riga ta zube tsakanin 2019 da 2024. Ita kuma ƙa'idar daƙiƙa 10 amsa ce ga kukan da bankuna suka shekara biyar suna yi. Layi biyu ne a takarda. Da an rubuta su a yarjejeniyar farko, da ba a kai ga ministoci da kotuna ba. Tun ran gini ran zane.

A tsakiyar Janairun 2025 NCC ta buga sunayen bankuna tara da ta ce ba su cika sharaɗin ba, cikinsu har da Zenith, UBA, Fidelity, FCMB da Jaiz, ta ba su zuwa 27 ga wata ko ta karɓe gajerun lambobinsu. Wannan karon barazanar ta yi aiki fiye da na baya, domin karɓe lamba ba yanke layi na kwana biyu ba ne. Lambar da banki ya shekara da shekaru yana tallatawa a rediyo da allunan titi, wadda tsofaffi suka haddace, za a iya ba wani. Kuɗi suka fara fitowa.

Mataki na ƙarshe ya zo a watan Yunin 2025. Aka koma cajin mai waya kai tsaye: naira 6.98 a kan kowane zama na daƙiƙa 120, daga katin waya, ba daga asusun banki ba. Kafin a cire, saƙo zai fito yana neman amincewarka, kuma ALTON ta ce zaman da ya yi nasara kaɗai za a caja. Bayan shekara kusan shida, an dawo daidai inda MTN ya so a tsaya a Oktoban 2019, sai dai da farashi mai sauƙi, domin a wancan lissafin minti biyu naira 24 ne.

Ta fuskar kamfanoni wannan tsari ya fi tsabta. Mai layi ya auna da mudunsa, ya karɓa da hannunsa, babu sauran bin wani bashi. Ana iya kwatanta shi da Kenya, inda Safaricom ya fara M-Pesa a 2007 yana riƙe da layin da asusun duka a gida ɗaya, don haka tambayar wa zai biya wa ba ta taso ta wannan siga ba. Najeriya ta zaɓi bankuna su ja ragamar, kamfanonin waya su zama hanya, sai a 2022 MTN da Airtel suka buɗe nasu ƙananan bankunan, MoMo da SmartCash. Zaɓin yana da dalilansa na tsaron kuɗin jama'a, amma ya sa dole gida biyu masu hukumomi biyu su yi aiki a kan mutum ɗaya, kuma irin wannan haɗi ba ya tafiya sai an yarda da abin da ake ƙirgawa tun kafin a jona waya ta farko. Duk asibiti ko makaranta ko kamfanin sufuri da ke shirin haɗa manhajarsa da layin waya, don tura saƙon tunatarwa ko karɓar kira ko biyan kuɗi, zai tarar da tambayoyin nan suna jiransa: me ake kira an yi nasara, wa ke ɗaukar asarar abin da ya lalace a hanya, kuma littafin wa za a buɗe ranar da aka yi saɓani.

Abin da ya rage yana damuna shi ne wanda aka ɗora wa mudun lokaci. Daƙiƙa 120 suna da yawa ga matashin da yatsunsa suka saba. Ba su da yawa ga dattijon da ke karanto lamba goma daga takarda, a rana, da idon da ya fara rauni, yana bin jerin zaɓi da Turancin da bai iya ba sai dai ya haddace cewa a danna 1 sannan a danna 2. Wanda ya fi kowa buƙatar wannan hanya shi ne ya fi kowa jinkiri a kanta. Sannan zama ya yi nasara a idon kamfanin waya ba ya nufin kuɗi sun isa. Layi zai iya buɗewa lafiya ya rufe lafiya, taransfar ta maƙale tsakanin banki da banki. A da manyan kamfanoni biyu ne ke musu a kan wannan tazara, da lauyoyinsu. Yanzu mutum ɗaya ne da wayarsa, kuma ba wanda zai bar rumfarsa ya tafi ofis neman naira bakwai.

Akwai kuma wanda ke da kuɗi a asusu amma ba shi da ko sisi a waya. A da zai danna lamba ya sayi kati daga asusun nasa. Na tambayi Kawu yadda yake yi yanzu, ya ce ranar kasuwa kafin ya fita daga gida sai ya sa yaro ya duba masa sauran katinsa, in bai kai naira ɗari ba ya tsaya wurin mai shago ya loda, sannan ya hau mota.